Gwiwar Asibi Mai Alkaki

Duk wanda ya yi aure ko ya aurar a Ƙofar Ruwa a shekarun baya ya ci alkakin Asibi, ko ya san sunanta ko bai sani ba. Ita ake kai wa aikin gara: alkaki, nakiya, dubulan. Gajeruwa ce, ga faɗa kamar ta ari baki, amma ba ta taɓa ba uwar amarya kunya ba. Kuma ba ta iya aiki a zaune ba. A durƙushe take kwaɓi, a durƙushe take naɗi, a durƙushe take suya. In ka tausaya ka miƙa mata kujera 'yar tsuguno, sai ta ɗora faranti a kai. To, jiki magayi. Tana haura sittin gwiwar dama ta ce ta gaji.

Ba abin da ba a gwada ba, daga man zafi har ƙaho. Da ɗanta Jibril ya ga abin ya ƙi, sai ya kai ta asibitin ƙashi. Aka ɗauki hoto, likita ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashi ke gogar ƙashi, sai an sa mata gwiwar ƙarfe. Tambaya ɗaya ta yi masa, ko za ta iya durƙusawa bayan aikin. Ya ce za ta yi tafiya ba ciwo, amma durƙuso irin na da kada ta sa rai. Jibril ya zaci alkaki take ji, ya ce ai dama lokacin hutawarta ya yi. Ta harare shi kawai.

Ba alkaki ba ne. Asibi 'yar fari ce, mahaifiyarta Dada kuwa Bafulatana ce, irin waɗanda suka rabu da shanu amma ba su rabu da kunya ba. Ana yaye Asibi aka miƙa ta ga goggonta. Dada ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarta baki da baki ba. In zancenta ya kama sai ta ce waccan ta Ƙofar Ruwa. Ko ranar da mijin Asibi ya rasu, bango Dada ta kalla tana cewa Allah ya ba da haƙuri.

Abu ɗaya ne tsakaninsu. Kowace Juma'a Asibi takan je Shahuci, gidan ƙaninta Isyaku inda tsohuwar ke zaune, ta durƙusa gaban tabarmarta ta sunkuyar da kai. Dada, wadda idonta ya riga ya tafi, sai ta miƙa hannu ta dafa kan, ta ce Allah ya yi albarka, ta janye. Wannan 'yar dafawar ita ce duk rabon Asibi na uwa, kuma tana son abinta ba kaɗan ba.

An sa ranar aiki ke nan sai ga waccan Juma'ar da bama-bamai suka tashi a Kano. Gari ya ruɗe, aka sa dokar hana fita, gadajen asibiti suka cika da waɗanda suka fi ta buƙata, aka ɗage nata. Ta yi kukan mutanen da aka rasa kamar kowa, amma ɗagewar, Allah ya yafe mata, daɗi ta yi mata. Da aka sassauta dokar ta ci gaba da zuwa Shahuci. A kowane shinge sai an sauke ta daga acaɓa, ta wuce gaban sojoji tana ɗingishi tana mita ƙasa-ƙasa. In ta isa ta durƙusa tana cije leɓe don kada Dada ta ji nishinta.

Sai wata rana ta durƙusa ta kasa tashi, har sai da Isyaku da matarsa suka ciccibe ta. Makaho ba kurma ba ne, Dada ta ji komai. Ta juya wajen bango ta ce a faɗa wa mutanen Ƙofar Ruwa su je su yi abin da likita ya ce.

Da damina aka yi aikin. Asibi ta sha wuya, ita ma ta ba mutane wuya. A ɗakin gashin ƙashi, in ma'aikaciya ta kama ƙafar tana lanƙwasawa, sai ta zazzaga mata masifa har da tambayarta ko ba ta da uwa a gida, washegari kuma ta ba ta haƙuri. Ta fara da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ta koma sanda. Sannu a hankali ciwon da ya hana ta barci shekara da shekaru ya ɗauke. Salla ta koma yi a kan kujera, wannan bai dame ta sosai ba, don ta san Ubangiji ya karɓi uzurin mara lafiya.

Dada ce ba ta san yadda za ta kai wa uzurin ba. Ta tsaya wa uwarta a ka? Ta hau kujera, tsohuwa na tabarma? Ko ta zube ta miƙe mata ƙafa kamar wadda ba a yi wa tarbiyya ba? Ta rufe ɗaki ta gwada durƙusawa a kan matashi, gwiwa ta kumbura suntum, Jibril ya yi faɗa kamar shi ya haife ta. Daga nan ta daina zuwa. Yau ta ce hanya ba kyau, gobe ta ce an hana acaɓa, jibi shingaye sun yi yawa. Duk gaskiya ne, amma ba su suka hana ta ba. Ran Juma'a sai ta wuni ba ta kula kowa, tana kewar uwarta kamar yarinyar da aka kai riƙo jiya.

Isyaku ne ya zo da kansa. Ya ce Dada ta rage cin abinci, kunun ma sai da lallashi. Ba ta ambaci kowa ba, sai dai duk Juma'a takan tambaya ko har yanzu ba a buɗe hanyar Ƙofar Ruwa ba. Da zai tashi ya ce, "Yaya, ke kina jiran gwiwa, ita kuwa ban ga alamar tana da lokacin jira ba."

Juma'ar da ta zagayo Jibril ya samo mata a-daidaita-sahu. Ta shiga ɗakin da sandarta, ta tarar tsohuwar ta rame, ta zama 'yar mitsitsiya a kan tabarma. Asibi ta matsa gabanta ta tsaya, ta gaishe ta daga tsaye, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Dada ta ji muryar ta fito daga sama. Asibi ta fara kame-kamen bayani, cewa likita ne, cewa ƙarfen ne, cewa ta gwada.

Dada ba ta bari ta gama ba. Ta miƙa hannu yadda ta saba, daidai inda kai yake sauka. Babu kai a wurin, sai hannun ya faɗa kan gwiwar. Ta saman zane yatsunta suka ji tudun tabon ɗinki. Asibi ta jira ta janye, ba ta janye ba. Ta bi tabon da yatsa daga sama har ƙasa, a hankali, ta sake dawowa. Sannan ta ɗago fuska, ba wajen bango ba, wajen 'yarta.

"Da zafi har yanzu?"

Asibi, wadda ba a taɓa kayar da ita a magana ba a duk Ƙofar Ruwa, ta sunkuyar da kai. Hawaye na zuba, da ƙyar ta ce, "Kaɗan, Dada."

"To tsaya a yadda kike," in ji tsohuwar. Ta kawo ɗaya hannun ta haɗa, ta riƙe gwiwar da hannu biyu, ta fara addu'a.