Ranar da na kai kaka Tama a kan keke

Jiya na wuce wurin mai gyaran keke a bakin kasuwar Madawa, warin danƙon da ake liƙe taya da shi ya buge ni, sai na tuna da kakana.

Ƙauyenmu yana kan dutse, yamma da Allakaye. Kaka yana da baƙin keke wanda ya girme ni, ba mai taɓa shi. Da shi yake cin kasuwanni har lokacin da yanar ido ta rufe masa gani, ya jingine shi a bayan rumbu. Ina da shekara goma sha uku, an gama yankan hatsi, sai saƙo ya zo cewa yayarsa da ke aure a Tama tana kwance, tana ta kiran sunansa. Babana ya tafi cin rani, mota kuwa sai ranar kasuwa, saura kwana huɗu.

"Aboki, ka iya tuƙi?" in ji shi.

Na ce na iya. Ban gaya masa a ɓoye na koya da kekensa ba.

"Na sani. Ina jin kukan sarƙa tai duk marece. Tashi mu tahi."

Innata ta cika mana gora da fura, tana faɗa ƙasa-ƙasa. Muka fita da hantsi, shi a baya, hannunsa a kafaɗata. Ku da ba ku san ƙasarmu ba, fako ne da baƙaƙen duwatsu, sai geza nan da can. Ba gida, ba rijiya. Ni ke ganin hanya amma shi ya san ta. In taya ta shiga tsakuwa sai ya ce mun kusa tsohuwar aduwa, in yi dama. In duba, ga aduwar.

Da azahar ƙaya ta huda tayar baya. Danƙonmu ya bushe a kwalba. Na zauna ina shirin kuka, don na ɗauka tsohuwa za ta tafi ba su gana ba, kuma laifina ne. Kaka ya shafa tayar. Ya sa na yanko busasshiyar ciyawa, ya lalubo bakin tayar da yatsu, muka cusa har ta yi tauri. Muka ci gaba, keken yana tsalle, cinyoyina suna zafi.

Can muka kai bakin gangara. Kwarin Majiya ya buɗe a ƙasa, kore shar, ga layukan itatuwan bedi, ga garake. Tsoro ya kama ni, na damƙe birki.

"Na ji ƙamshin albasa," ya ce. "Saki birkin nan, yaro."

Na saki. Iska ta cika mini riga, hularsa ta tashi, bai ko damu ba. Tsohon da ya shekara biyu zaune a zaure sai ga shi yana dariya da ƙarfi, yana dukan bayana. Ni ma na kama ihu.

Mun shiga Tama bayan la'asar. Muka tarar da yayar tasa a tabarma, ta rame ƙwarai. Da ta ji sallamarsa ta ce, "Kai da ba ka gani, wa ya kawo ka?" Ya kamo hannuna ya sa a nata. Kwana tara suka yi suna hira kafin Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu moto, wato babur, ta cika hanyar, yara ba sa ko kallon keke. Ni dai in aiki ya ishe ni, nakan hau nawa in bar gari, in yi ta tafiya cikin daji har ƙafa ta gaji, in dawo hankalina a kwance. 'Ya'yana suna cewa wahala nake nema da gangan. Bara babbansu ya cika sha uku, na ce ya biyo ni. Ya yi ƙorafi har rabin hanya. Da muka dawo gida, shi ya tambaye ni yaushe za mu koma.