Kawu Bawa da Dogon Ruku'u

Duk wanda ya san Kawu Bawa, ƙanen mahaifiyata, ya san kekensa da ba ya hawa. Tura shi yake yi cikin Jega, ya duƙa ya dafa, don sanda a wurinsa ta tsofaffi ce. Gaskiyar magana bayansa ne ba ya son miƙewa. In ya duƙa ya ji sauƙi, in ya tsaya ƙyam ciwo ya taso masa daga ƙugu.

Ya rantse buhun albasa ne ya karya shi, na kai shi Aliero wurin mai ɗori. Mutumin ya lalube shi sama da ƙasa, ya ce babu karaya.

"To ɗaure ni hakanan," in ji Kawu. "Ba ni komawa gida a ce banza niz zaka."

A asibiti aka ɗauki hoto. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, ƙananan gaɓoɓin da ke haɗa ƙashin baya sun goge. Ya ba shi magani, ya ce ya rage doguwar tsayuwa, ko salla ma ya yi a zaune.

"Zamne? Ina bayan liman tun ba a haihe ka ba."

Wannan wuri na bayan liman shi ne duk abin da ya rage masa, gona ma ya bar wa 'ya'ya. Maimakon ya haƙura, sai ya tare liman.

"Malam, rage muna sura, ka ƙara ruku'u. Wa ya hana?"

Daga nan in ana salla, liman ya ɗago daga ruku'u, kowa ya ɗago, Kawu yana nan duƙe abinsa. Muna ta yi masa tsiya, ban san nan kaɗai yake hutawa ba. Har yau ina jin kunyar dariyar da na yi.

Wata la'asar ya kasa ɗagowa, sai da mutum biyu suka kama shi. Kashegari ya ce in ɗauko kujerar roba. Na kai ta ƙarshen sahu, jikin bango, wani ya matsa ya cike gurbinsa. Da muka fito na jira ya yi faɗa, bai yi ba.

"Ashe daga can ba a jin karatu sosai," ya ce.

Bai ga kakar albasa ta gaba ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya tashe shi a sahun farko, a tsaye, ba inda ke masa ciwo.