Hannuwan da Baba Ya Ɓoye a Aljihu

Babana mai zanen allon shaguna ne, kuma a fannin fuska ba wanda ya kama ƙafarsa. Zai zana maka mai aski har ka ji kamar zai tambaye ka mutanen gida. Amma hannu? Nan ake yin ta. Yana saurayi ya taɓa zana hannu riƙe da kofi, mutane suka yi ta leƙa shagon suna tambaya ko ƙaguwa ake sayarwa. Tun daga ranar, duk mutumin da ya fito daga buroshinsa hannunsa na cikin aljihu. Tela a gaban keke, hannu a aljihu. Makanike a ƙarƙashin mota, hannu a aljihu. Har wani ƙato mai ɗaga ƙarfe da ya zana wa gidan motsa jiki, daga shi sai ɗan kamfai, sai da ya nema masa aljihu. Shi ya sa ake ce masa Baba Aljihu, yana kuwa amsawa da fara'arsa.

Sai na haifi 'yata, aka gano ba ta ji. Da ta shiga makarantar kurame ta riƙa dawowa da labari cike da hannuwanta. Ni dole ta sa na koya da wuri. Baba kuwa, mutumin da ko ruwa ba ya sha bai ba da labari ba, ya kasa. In an nuna masa alama yau, gobe ta gudu daga kansa. Yarinyar ta zo da gudu ta zuba masa zance da yatsu, shi ya yi ta gyaɗa kai, har ta gaji ta juya. Ta ma raɗa masa suna: sai ta cusa hannu a gefen rigarta, inda aljihu zai kasance. Muka yi dariya, shi ma ya yi, amma na san abin ya ci shi.

"Ni abin da ban zana ba, ba ya zama a kaina," ya ce min. "Zan zana alamun nan a bangon falo."

"Baba, hannuwa ne fa."

"Na sani, 'yar nan. Kada ki ƙara min zafi."

Wayyo, unguwa ta shiga uku! Duk wanda ya ba Baba hannu a gaisa, ya rasa hannun ke nan. Ya riƙe, ya juya, ya lanƙwasa yatsu, yana latsa gaɓoɓi. Mahauci ya koma yi masa sallama daga tsallaken titi. Ya tare a wurin maɗori, ya dawo yana haki kamar ya tsinci zinariya.

"Ke! Ashe ƙashi biyu ne tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu! In kika kifa tafi, ɗaya ya hau kan ɗaya! Babban yatsa kuma daga can gindin tafi yake tasowa, ni kuwa shekara da shekaru ina liƙa shi a gefe kamar hannun buta!"

Umma tana wanke-wanke ya damƙe damtsenta yana duba yadda naman ke tashi. Ta ce, "Malam, tun aurenmu ba ka taɓa kallon hannuna haka ba, sai yanzu da ya yamutse?"

Da ya gama bangon ya tara mu, ya sa sabuwar riga, aka shigo da yarinyar. Hannuwan sun yi kyau, har jijiyoyi sun fito. Ta duba na farko, ta duba na biyu, sai ta zube ƙasa tana dariya har da hawaye. Ashe Baba da hannun dama yake zane, don haka hannunsa na hagu ya riƙa kallo. Duk bangon hagu ne, kuma ta baya, babu ɗaya da ya fito yadda mai kallo zai gan shi. Fuskarsa ta faɗi. Ya ɗauko gwangwanin farin fenti zai shafe komai ya huta.

Ita ce ta riƙe masa buroshin. Ta jawo kujera ta zauna a gabansa, ta ɗaga hannunta na dama ta yi alamar ruwa, ta tsaya cak. Haka suka sake bangon, ita tana nunawa shi yana zanawa. In ya karkace yatsa ta ɗaka masa duka a gwiwa. Alamar da ya fara iyawa ita ce "tsaya", ta biyu kuwa "yi haƙuri", don kullum sai ya buƙace ta.

Wata rana na shigo na tarar yana ba ta labarin ƙaguwar nan da hannuwansa masu fenti, yana yi yana satar kallon bango, ita kuwa tana kwasar dariya. Da ta gan ni ta nuna shi, ta cusa hannu a gefen riga kamar kullum. Sai ta girgiza kai, ta zaro hannun a hankali, ta buɗe tafin a gabansa. Sabon sunansa ke nan.

Baba ya kai hannu zai share ido, ya shafe rabin fuskarsa da shuɗin fenti.