Robar Auna Kusurwa a Tsakiyar Ruwa

Sanyi na fara ji a tafin ƙafata. Na ɗauka ruwan da mutane suka shigo da shi a takalmansu ne, sai na ɗaga ƙafar na mayar da ita gefe. Can ma ruwa. Na sunkuya na duba, sai na ga yana ɓulɓulowa ta tsakanin katakai biyu, daidai inda nake zaune a ƙasan kwalekwalen. A lokacin mun yi nisa da gaɓar da muka taso, garinmu kuma ko bishiyoyinsa ba a fara hangowa ba.

Abin da ya fito da ni bai kai tafin hannu ba. Furotirakta ce, robar nan mai siffar rabin wata da muke auna kusurwa da ita. Tawa na manta da ita kusa da murhu, zafi ya lanƙwasa ta, lambobin suka cakuɗe. Washegari Litinin muke da jarrabawar lissafi ta fita sakandare, malaminmu kuma ya rantse ba aro a ɗakin jarrabawa. Mai shagon garinmu ba ya kawo ta. Ruwa ya zo da wuri, ya cinye hanyar mota, shi ya sa na bi 'yan kasuwar Lahadi ta fito zuwa Haɗeja. Na saye ta a wajen mai littattafai, na soke ta cikin zani, muka juyo bayan la'asar.

Jirgin ya yi nauyi. Buhunan gishiri da taki, da babur ɗin wani a kwance, mu kuma mata an zaunar da mu a tsakiya. A gefena akwai wata dattijuwa mai sayar da busasshen kifi, tun a gaɓa take tsokanata. Na taɓa ta, na nuna mata wurin.

Ta duba, fara'arta ta ɗauke. Ta ɗaga murya ta kira mai fito: "Malam, jirginka yana sha!"

Wani ya yunƙura zai miƙe, jirgin ya karkata har ruwa ya leƙo ta baki. Mai fito, wani tsoho da ke tsaye a baya da gora, ya daka tsawa: "Kowa ya zauna! Wanda ya tashi shi ya kashe mu!" Salati ya kaure. Ni ban iya iyo ba. Hagu da dama ciyawar kacala ce ta fi mutum tsawo, kuma na sha jin cewa ko gwanin ruwa ya faɗa cikinta ba ta sakinsa.

Su masu fito, tsumma suke cusawa a tsagar katako da bakin wuƙa, su bi da kwalta. Tsumman wurin ne ya ruɓe ya fice. Tsohon ba shi da halin sakin gora, ruwa yana jan mu, kaya kuma sun tare tsakaninsa da tsagar. Ni ce a kanta.

"'Yata, ke ce kusa. Yagi tsumma ki cusa. Wa ke da wuƙa?"

Mai babur ya ce tasa tana ƙarƙashin sirdi, buhuna sun danne. Dattijuwar ta yage bakin mayafinta da haƙori ta miƙo mini, ta ɗauki guntun jarka ta hau kwasar ruwa. Na tura tsumman da yatsa, ruwa ya tofo shi. Na sake, farcena ya karye, tsumman ya sake fitowa. Ruwa ya rufe idon sawuna.

"Baba, ya ƙi zama!"

"Ba a yi da yatsa! Nemi abu mai faɗi, mai siririn baki!"

Dattijuwar ta ce, "'Yar boko, ina abin nan da kika yi ta juyawa a gaɓa kamar madubin amarya?"

Wallahi sai da na yi jim. Ga mutuwa a gabana, amma zuciyata ta tafi ga jarrabawar gobe. Sannan na zaro robar. Ko daga ledarta ban tsaya cire ta da kyau ba, da haƙori na farke. Na dafa tsumman, na sa miƙaƙƙen gefen robar na danna. Ya shiga kaɗan. Na matsa gaba na sake dannawa, kamar mai kalmasa bakin zani. Hannuna yana cikin ruwa, ba na ganin abin da nake yi, laluba kawai nake. Tsohon yana ta faɗa daga baya: "A hankali, kar ki buɗa tsagar. Bi da tsawonta."

Saura kaɗan in kai ƙarshe na ji ƙas. Robar ta rabe biyu, ɓari ɗaya ya yanke ni a tafi. Na fashe da kuka, na ce, "Inna, ta karye."

"To ki yi da ɓarin! Kuka zai toshe miki?"

Na yi da ɓarin. Na cusa ragowar tsumman, na soka ɓarin a kansa ya zama matoshi, na ɗora hannuwana biyu na danne da duk nauyina. Ruwan bai daina shigowa ba, amma ya koma tsattsafo. Inna tana kwasa tana zubarwa, tana haki, wani ya karɓe ta. Ban ɗaga kai ba. Ina kallon jinina yana bajewa a ruwan, ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina kiran mahaifiyata a zuci, wadda ta ce in bari wani ya sayo mini na ce a'a, kar a kawo mini wadda lambobinta ba su fito ba.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Hannuwana sun mutu, wuyana ya sage.

Rana ta yi ja lokacin da na ji ƙasan jirgin ya gurji wani abu. Na ƙwalla ƙara, na zaci katakon ne ya buɗe. Mutane suka fara dirowa, jirgin yana rawa, ni kuwa na ƙara dannewa ina roƙonsu su zauna. Sai na ga ƙafafun tsohon a gefen jirgin, yana tsaye a cikin ruwa, bai kai masa gwiwa ba. Ya kama wuyan hannuna ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

"Saki, 'yata. Yashi ne kika ji. Mun iso, ba abin da zai same ki."