Gurbin Hannu a Matashi

Duk layin Mai Katifa suke ce masa. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai walda da mai gyaran waya: keken ɗinki a bakin ƙofa, soso jibge har rufi, doguwar wuƙar yanka rataye a ƙusa. Wurin mahaifinsa ya koyi sana'ar, tun ana cusa auduga da sanda. Da ƙuruciya babu abin da yake taƙama da shi kamar kayan gadon jarirai. In mace ta zo saye, sai ya danna tafinsa a katifa, ya ɗaga, ya nuna mata gurbin da ya rage. "Kin gani, Hajiya? Ko ke sai kin yi kishin jaririn."

Da aka haifa masa ɗan fari, ya zaɓi soson da ya fi laushi, ya ɗinka masa matashi mai bakin leshi. Wata rana da azahar matarsa ta kwantar da yaron rub da ciki, don an ce mata haka barci ya fi nauyi, ta fita shanya. Da ta dawo, fuskarsa na nutse a matashin. Bai fara zama ba ma.

Likita bai ce matashin ne ba. Ya ce irin wannan mutuwar ba kasafai ake gane dalilinta ba. Amma ya faɗi abin da ke rage hatsarin: a kwantar da jariri rigingine, a shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ba tarin bargo. Mai Katifa ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya. A hanyar gida matarsa ta roƙe shi abu ɗaya: kada ya taɓa gaya wa kowa yadda ta same shi. Ya yi mata alkawari.

Tun daga nan, in ya danna hannu gurbi ya tsaya, ba ya sayar wa mai jego. Matashin jariri kuwa ya daina ɗinkawa. Mata suka riƙa ƙwanƙwasa katifarsa suna yatsina.

"Malam, jariri zan kwantar, ba soja ba."

"Ka zo mu haɗa shago," in ji mai walda, "tunda kai ma ƙarfe kake sayarwa."

Sai ya yi murmushi, ya bi su da ido suna shiga shagon tsallaken titi. Ya san maganar da za ta tsayar da su, amma alkawari ya ɗaure masa baki. A haka furfura ta cim masa.

'Yarsa, wadda yake kira Uwata, a kan katifa mai tauri ta girma, ba ta san dalili ba. Da ta haihu, ya ɗinka wa jikar irinta, ya aika. Bayan kwana biyu ya je ganinsu da hantsi, yana sallama yana cewa, "Ina amaryar tawa? Angonta ya zo."

Amaryar na kife a gado, kumatunta nutse cikin wani tsohon matashi. Katifarsa na jingine bayan ƙofa. Uwar mijin 'yarsa na zaune tana ninke kayan jaririyar.

Ya ɗaga yarinyar, ya zare matashin. "Uwata, shimfiɗa katifar can."

"Ikon Allah!" in ji tsohuwar. "Malam, a kan benci za mu kwantar da 'yar mutane? Duba da kyau, ai aikinka ne. A shagonka na saye shi da na haifi ubanta. Duk 'ya'yana a kansa suka yi barci. Wa ya mutu?"

Ya juya matashin. An sake masa riga, amma ɗinkin gefen nasa ne.

"Nawa ya mutu," ya ce.

Ya faɗi komai yana tsaye: azahar ɗin, shanyar, fuskar a cikin soso. Bai ɗaga murya ba.

"Allah ya sa mai ceto ne," in ji tsohuwar can. "Amma ai kwana ne ya ƙare."

Uwata ta miƙe. Ta jawo katifar, ta shimfiɗa, ta karɓi 'yarta daga hannunsa ta kwantar da ita rigingine. Ta kwashe bargon da ke gadon da kanta.

Kafin la'asar labari ya zaga dangi, da ƙarinsa: ashe uwar ce ta bar yaro ta tafi shanya. Da ya koma gida, matarsa ta ajiye masa abinci, ta shige ɗaki ta tura ƙofa. Har yau gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Jikar tana tafiya yanzu. Matashin da ya ɗauko daga gidan 'yarsa na shago, a saman tarin soso. In babu kowa yakan sauko da shi ya danna tafinsa. Gurbin na tsayawa, kamar ranar da ya ɗinka shi. Bai san guda nawa ya sayar ba, bai kuma san gidajen da suke ba.