Yashin da ke kwamin wankan yarana

Yau ma na tsamo yashi a kwamin robar da yarana ke wanka a tsakar gidanmu, nan Gyadi-Gyadi. Kwana biyar ina musu faɗa kan shiga da ƙasa a ƙafa.

Kawuna, tsohon magini, ya zo daga Unguwa Uku. Ya murza yashin, ya dubi katangar da na jingina kwamin da ita.

"Hadiza, wannan ba na ƙafa ba ne. Ruwan da kuke zubarwa ya cinye gindin katangar, ita ke zuba. Kwashe yaran nan yanzu."

Ya danna bulo da yatsa, sai ya marmashe.

A gindin katangar nan autata ke zama kullum. Ku a ina kuka ajiye naku kwamin?