Ƙanƙarar da Na Kai Aji

Akwai wata ranar bazara da har yau ba ta fita daga raina ba, kuma ba na jin za ta fita. Ina ajin kusa da na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ta Madarunfa. Ni mutum ne mai son littafi, amma in aka tsayar da ni gaban jama'a sai harshena ya ɗaure. Malaminmu na kimiyyar fizik, wanda muke kira Mushe, wato Malam da Faransanci, ya gaji da wannan hali. Ya ce kowa zai yi jawabi gaban aji, kuma in na sake yin shiru sifiri zai ba ni, abin da zai iya sa in maimaita aji.

Batun da ya faɗo mini shi ne wutar lantarkin da kwamfutar kwantum ke ci. Na karanta duk abin da na samu a wayar yayana. Na gane cewa a irin waɗanda aka fi sani, ɗan guntun da ke yin lissafin bai fi farcen yatsa ba, kuma ba ya aiki sai cikin sanyin da ya wuce na sararin samaniya. Na rubuta komai tsaf, na haddace. Don in nuna misalin sanyi, na je wurin gwaggona mai sayar wa masuntan tabki ƙanƙara. Ta naɗe mini babban dunƙule cikin buhu da ƙaiƙayi.

"Kai da ko gaisuwa sai an matsa maka, yau ƙanƙara za ta yi maka magana?" in ji ta.

Da safe Mushe ya yi ƙuri'a, sunana ya fito na ƙarshe. Ajinmu rufin kwano ne. Tun kafin rana ta take na ga ruwa na bin ƙasan tebur. Na cire rigar sama na rufe buhun. Lokacin hutu na kai shi gindin bishiyar bedi, na ruga gidan maƙwabta na roƙo ƙarin ƙaiƙayi. Da na dawo na tarar abokin zamana yana yi masa fifita da kwali.

"Bari, iska mai zafi kake kaɗa masa," na ce.

"To, mai jego. Ka ba mu mu tsotsa tun bai mutu ba."

Sai bayan azahar aka kira ni. Na tsaya, na dubi idanun nan, duk abin da na haddace ya gudu. Sai na kwance buhun. Abin da ya rage bai fi ƙwayar dabino ba. Aji ya fashe da dariya.

Mushe bai yi dariya ba. Ya ce, "Ina sauran?"

"Ta narke, Mushe."

"To kai me kake yi tun safe?"

Na fara lissafa masa: rigar, inuwar, gudun neman ƙaiƙayi, abincin da ban ci ba. Ina cikin faɗa sai na ji abin da nake faɗa. Na ɗaga guntun na ce haka na'urar take. Abin da ke lissafin ɗan mitsitsi ne, wuta kaɗan yake so. Mafi yawan lantarkin yana tafiya ne wajen manyan firigo na sanyaya shi da kayan da ke kewaye da shi, masu korar zafi ba hutawa, kamar yadda na wuni ina yi. Daga nan maganar ta ɓalle, har guntun ya ƙare a tafin hannuna ban lura ba.

Makin da na samu ba babba ba ne, amma ya haye da ni. Abin da ranar ta koya mini shi ne, abin da na haddace yana iya guduwa ya bar ni, amma wanda na sha wahalarsa da jikina ba na rasa bakin faɗarsa.